Yaya Lea, Wadda Ta Koya Mini Ɗaga Kai

Gangaren Tudu, Keffi
26 ga Maris, 1974

Zuwa ga ɗana Gamaliel, a Kaduna.

Bayan gaisuwa da ƙara yi maka ta'aziyya, ka gafarce ni da na dame ka da doguwar takarda alhali zuciyarka ba ta huce ba, ga kuma aikin masaƙa a kanka. Ka yi haƙuri da rubutun ma. Hannuna ya fi sabawa da ajami, bokon nan da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci. Ni ce Huraira, wadda gonarta ta yi iyaka da ta mahaifiyarka. Kwana ukun da ka yi a nan gidan cike yake da jama'a, ni kuwa ba mai iya magana cikin taro ba ce. Abin da na kasa faɗa a bakin kabarinta shi ne na rubuta. A ƙarshensa akwai wata magana da ke jiran amsarka.

Ranar Talata, sha biyu ga Maris, cikin tsakiyar watan Safar, da hantsi, ina tsakar gida da 'yan matan da nake koya wa karatu, sai na ji sallama a zaure. Na fito na tarar da Jethro, ƙanin mahaifinka, ya riƙe hularsa a hannu. Ya ce, "Malama, ta tafi." Na ce daga Allah muke kuma gare shi za mu koma. Na koma ciki na ce wa yara su jingine alluna su tafi gida. Shekara ashirin ina karantarwa, ban taɓa tashin yara kafin lokaci ba sai ranar.

Yanzu ka ba ni dama in juya in yi magana da ita, don da ita na saba.

Yaya Lea, shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam Husaini, maigidana, ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu da gonar da ban taɓa taka ba. A lokacin ban san ki ba sai a suna: matar nan ta Sabon Gari mai daddawa, 'yar dutsen Eggon, wadda ke noma kusa da mu. Ina cikin takaba sai aka ce mini wata mata ta sauke itace a ƙofar gida ta juya. Mako ya zagayo aka sake saukewa. Haka kika yi har na cika wata huɗu da kwana goma, ba ki taɓa shigowa kin ce ke ce ba. Ranar da na fita takaba na sa aka raka ni gonar, na tarar an share ta, an ƙone ciyawa, kamar maigidan yana raye. Kina can gefe kina sassabe. Na je in yi godiya, kika ce, "Ciyawar gonarku ce ke shigo mini, shi ya sa." Na san ba haka ba ne, kin san na sani, muka bar shi a haka.

Ke kika koya mini riƙon fartanya. Idan azumi ya zo, sai ki ɗauki butar ruwanki ki zagaya bayan ɗorawa, kada in ga kina sha. Da Kirsimeti kuwa, kazar da za ki dafa sai kin kai wa mahauci Musulmi ya yanka, don kada in mayar da kwanon da kunya. Ban taɓa roƙon ki wannan ba. Ni ma ban taɓa jin kin ce mini in bar sallata in ƙarasa shuka ba, ko da hadari ya haɗo. Sai dai ki karɓi layina ki ci gaba har in idar.

Amma abin da mutanen gonakinmu za su fi tunawa da ke shi ne tsuntsayen nan biyu. A ƙasan gonakinmu akwai ɗan kurmi a bakin rafi, ɗorawa da marke da sarƙaƙiya. Cikinsa akwai wasu 'yan tsuntsaye biyu, kowacce ba ta kai tafin hannun yaro ba, bayansu kalar busasshen ganye da ɗan kore-kore, cikinsu fari-fari. Mai wucewa zai rantse iri ɗaya ne. Kin gaya mini sunayensu da harshenku, harshena ya ƙi juyawa, sai kika raɗa musu na Hausa saboda ni: 'Yar Gida da Baƙuwa. Kika ce 'Yar Gida tana nan rani da damina. Baƙuwa kuwa sai bayan kaka take zuwa, ta yi rani da mu, ta tafi gab da damina. Daga ina take, ina take zuwa, kika ce ba ki sani ba, ba ta taɓa gaya miki ba. Abin da kika sani, wanda kakarki ta gaya miki a kan dutse, shi ne muddin Baƙuwa tana kurmi, ruwan da ya sauka ba na shuka ba ne. Zai jiƙa ƙasa, iri ya tsiro, sannan sama ta bushe, rana ta ƙone tsiron.

Ba zan ɓoye ba, da farko abin ya tsaya mini a rai. Na tashi a gidan da ake tsoron camfi, na ji tsoron kada in jingina ruwan sama ga tsuntsu. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na faɗa miki. Ba ki yi fushi ba. Kika ce, "Malama, tsuntsu bai da ruwan da zai ba ki, ko nasa na sha sai ya je rafi. Wanda yake ce mata tashi ki tafi, shi ne ke ce wa hadari taso. Ni bin sawu kawai nake yi." Na duba na ga ai haka muke yi da gawo idan ya fara zubar da ganye, haka muke yi da tururuwa idan ta fara kwashe ƙwanta. Alama ce, kuma an umarce mu mu duba alamu. Daga ranar zuciyata ta kwanta.

Shekara da shekaru ban damu in koyi bambanta su ba, tunda ga ki. Ruwan farko ya sauka, mata su taru a bakin gonarki da sungumi a kafaɗa, ki shiga kurmi ki fito ki ce "tukuna," mu koma gida. Wani lokaci maza su yi ta dariya, su ce matan nan sun naɗa tsuntsu sarkin noma. Ki bari sai nasu ya ƙone sun zo neman iri, ki ɗiba ki ba su, ki ce, "Sarkin noma ya ce a gaishe ku."

Sai shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama, shekara biyu ke nan. Kin tafi dutse jinyar 'yar'uwarki, ruwa ya sauka kina can. Mata suka zo wurina, suka ce ai ni ce kullum a gefenki, in je in dubo. Na ji daɗin maganar, Allah ya yafe mini, na yafa mayafi na tafi. Na tsaya a bakin kurmi. Na ji ɗan kukan nan na 'Yar Gida daga cikin sarƙaƙiya, na ga wata 'yar tsuntsuwa ta gifta, na ga wata kuma. Na dawo na ce 'Yar Gida ce kaɗai ta rage, Baƙuwa ta tafi. Gida shida muka shuka a kan maganata. Ya tsiro kyakkyawa, har ina jin kaina. Kwana goma sha tara sama ba ta sake ɗigo ba. Na tsaya ina kallon gonar Salamatu, maƙwabciyarmu mai marayu uku, ta koma kamar an bi ta da wuta. Ban taɓa jin nauyin kalma irin na lokacin ba. Ni da nake gaya wa yara kada su yi shaida a kan abin da ba su gani ba.

Da kika dawo ban iya haɗa ido da ke ba. Kika sauke irinki kika raba gida bakwai, naki kaso ɗaya. Washegari da sassafe kika biyo mini, kika ce mu je ki ga inda na tsaya. Na nuna miki. Kika ce in duba kamar yadda na duba ranar. Na duba. Sai kika fashe da dariya har kina dafa marke.

Kika ce, "To ai ga ciwon. Malama, ke tun da aka haife ki aka ce ki sunkuyar da kai, kika sunkuyar, har yau ba a ce ki ɗago ba. Baƙuwa a sama take kiwo. Ɗaga kai. Babu namiji a kan ɗorawa."

Na ɗaga, mayafi ya zame, na yi sauri na cafke. Kika ce, "Bar shi ya faɗi, ni ce kawai a nan, sai Allah da ya riga ya san kitsonki." Kika kama mini shi ta baya, kina riƙe, ni kuwa wuya a sama har ya ƙage. A lokacin Baƙuwa ta riga ta tafi, ba mu ga komai ba sai ganye. Amma da ta dawo bayan kaka, duk ranar da muka je itace sai kin tsayar da ni.

Abin da kika koya mini ga shi, na rubuta don kada ya bi ki kabari. 'Yar Gida ƙasa-ƙasa take yawo, cikin sarƙaƙiya da gindin itace, fiffikenta gajere, tana yawan ɗaga bindinta sama kamar mai jin kanta. Idonta ja-ja ne idan haske ya same shi. Kukanta kamar na ɗan akuya da ya ɓace wa uwarsa, wani lokaci kuma ta yi ta ƙyas-ƙyas kamar ana buga tsakuwa biyu. Baƙuwa ta fi ta siranta, fiffikenta dogo, na mai tafiya mai nisa. Tana da layi mai haske a saman ido, kamar an ja mata gira da farin alli. Ba ta ɗaga bindi sama, sai dai ta ɗan tsoma shi ƙasa. Can ƙarshen rassa take bi tana tsintar ƙwari a bayan ganye, ita kaɗai, ba ta hayaniya. Duk rani shiru take, sai ɗan fito siriri. Idan tafiyarta ta matso ne take fara waƙa, waƙar da ke farawa daga sama ta gangaro a hankali, kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu har ya ƙare.

Kika ce kada in taɓa yanke hukunci da kunne kaɗai, don kukan 'Yar Gida ba ya nufin babu kowa a sama. Kika ce kada in je da rana tsaka, in je da sanyin safiya, in tsaya har inuwa ta matsa. Kika ce rashin ganin Baƙuwa rana ɗaya ba tafiya ba ce, sai na yi safiya uku a jere ban gan ta ba. Bara kuma, shekarar farin nan, ta tafi amma ruwa ya yi jinkiri, ke kanki kika ce alamar ba ta ishe ki ba. Kika haƙa ƙasa kika tura hannu, kika ce sai laima ta kai wuyan hannu. Kika dube ni kika ce, "Ku ai shaidu biyu kuke nema, ko? To ga na biyun." Saboda haƙurin nan naki ne muka samu ɗan abin da muka samu bara, lokacin da waɗansu suka shuka sau uku suka tashi hannu wofi.

Kin gwada ni sau da yawa. Ki nuna reshe ki ce, "Wace ce waccan?" In na faɗa daidai ki yi shiru, in na yi kure ki ce, "Maimaita, Malama, ba a wanke miki allo ba." Ranar ƙarshe da muka je tare, cikin watan Janairu, numfashinki ya riga ya fara gajarta, kika zauna a kan saiwa. Na nuna miki Baƙuwa kafin ki gan ta. Kika daɗe kina kallo, sannan kika ce, "To, na sauke."

Yaya Lea, kin sauke, na ɗauka. Ki huta.

Ɗana Gamaliel, yanzu na dawo gare ka, ga maganar.

Mako biyu kafin rasuwarta ta sa aka kawo mini wani tulu, an liƙe bakinsa da yumɓu. Ciki irin geron nan ne nata mai saurin nuna, wanda ta zo da shi daga dutse tun tana amarya, an gauraya shi da toka saboda ƙwari. Shi ke nan abin da ya tsira daga farin bara. Babu wani a rumbunta, babu a namu, mun cinye sauran. Daga cikinsa za a shuka gonarta, daga cikinsa kuma ta yi wa gida shida alkawarin iri. Da na je duba ta ta ce mini, "Kada a fasa bakinsa sai Baƙuwa ta tafi. Ko wa ya zo."

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan ka koma, aka yi ruwa da la'asar, mai ƙarfi, har rafi ya motsa. Juma'a da safe sai ga Jethro a zaure da sungumi.

Ya ce, "Malama, a ba ni tulun. Kowa ya fita, har mutanen hayin rafi sun gama rabin gona."

Na ce, "Baban Caroline, tana nan. Na gan ta yau da safe."

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Baƙuwa."

Ya ajiye sungumin ya ce, "Oho! Mai tsuntsu ta mutu, tsuntsu ya samu sabuwar mai fassara. Ba ke ce kika fassara mana shi wancan karon ba, muka ci rana a maimakon tuwo?"

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce, "Ni ce. Shi ya sa yau ba zan faɗi abin da ban gani ba."

Ya ce, "Yarana sau ɗaya suke cin abinci, Malama. Wanda ya riga shuka shi ke riga ci. Ki gaya wa tsuntsuwar taki ta zo ta ga tukunyata."

Kada ka ga laifinsa. Mutumin kirki ne, shi ya yi ta ɗawainiya da ita a ciwonta, kuma yunwar da yake faɗa na gan ta da idona. Na auna masa dawa daga ɗan abin da nake da shi, ya ƙi karɓa, sai da na aika wa matarsa ta bayan gida. Kafin ya tafi ya faɗi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ce Lea ta rasu, tulun ba nata ba ne yanzu, ba kuma nawa ba ne, na ɗanta ne. A nan ya fi ni gaskiya. Abin da mamaci ya bari na magada ne. Ni mai ajiya ce, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Muka rabu a kan za a rubuto maka, abin da ka ce shi za a yi.

To ga shaidata, ba ƙari. Tun ranar Juma'a kowace safiya ina zuwa kurmin bayan na idar da salla, in tsaya har inuwa ta matsa. Juma'a na gan ta a kan ɗorawa. Asabar na ga irinta guda biyu. Lahadi ban gani ba, na ce ko ni ce na sake kure. Jiya Litinin sai ga ta a kan marke, kusa, har na ga layin girarta sarai, na ga ta tsoma bindi ƙasa, 'Yar Gida kuwa tana can ƙasa tana kukanta na ɗan akuya. Na gan su su biyu a lokaci guda, ba zan rikita su ba. Na kuma haƙa ƙasa a gonar mahaifiyarka na tura hannu. Laimar ba ta wuce gaɓa biyu na yatsa ba, ƙarƙashi busasshe ne ƙamas.

Ban ce na san gaibu ba. Mai ruwa yana iya saukar da shi gobe ya ci gaba, waɗanda suka shuka su riga mu ci, a yi mini dariya har kasuwa. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a zuba tulun nan a ƙasa ya ƙone, don babu na biyu, kuma wadda za ta raba nata gida bakwai ba ta nan. A ganina jiran ba zai yi tsawo ba. Jiya Baƙuwa ta yi waƙa, ta gangaro da ita har ƙasa, sau uku. Mahaifiyarka ta ce in ta fara haka, ta fara ɗaure kaya ke nan. Ina sa ran kafin bikinku na Ista za mu shuka, in Allah ya yarda.

Ina roƙon Allah da ya halicci Yaya Lea, wanda ya fi ni sanin abin da ta yi a ɓoye, ya saka mata da alherinta, ya dube ta da idon rahama, ya sa ta huta. Itacen da ta sauke a ƙofar gidana, da irin da ta raba, da ruwan da ta sha a bayan ɗorawa, kada ko ɗaya ya ɓace a wurinsa. Allah ya ba ka haƙuri, kai da ƙanwarka Angela da Jethro da iyalinsa da dukan dangi na nan da na kan dutse. Ya ba matan gonakinmu haƙuri, don mu ma uwa muka rasa. Ya ba mu damina mai albarka. Mu da muka saura, in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Idan ka ce a buɗe tulun, zan fasa bakinsa da hannuna in miƙa wa Jethro, ba zan riƙe ka a zuciya ba, haƙƙinka ne. Idan ka ce a jira, ka rubuta da hannunka yadda zai gani ya yarda. Yau ma da safe na je na ɗaga kai, tana nan.

Ɗan'azumi direba, wanda zai kawo maka takardar nan, zai juyo ranar Juma'a. Don Allah ka ba shi amsa ya zo da ita, kada ta wuce ranar.

Taka,
Huraira